Yayana Ya Karɓi Rancen Noma Da Sunana, Ga Shi Ya Dawo Neman Layin Wayata

Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani gari da ke yankin Haɗejiya a Jihar Jigawa. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana fadama da gonar tudu, mu maza uku da mata huɗu da mahaifiyarmu, kuma har yau ba a raba gadon ba. Babban wanmu ne yake noma gonakin yana ciyar da gida. A daminar 2020 ya karɓi lambar BVN ɗina da hotona, ya kai ni banki na sa hannu a wasu takardu, ya ce gwamnati ce take raba wa manoman shinkafa tallafi, kuma idan sunayenmu suka yi yawa kason gidanmu zai ƙaru. An fitar da taki da iri da maganin feshi da sunana, amma ni ko buhu ɗaya ban gani ba. Ya zuba wani a fadama, ya sayar da wani ya yi hidimar aurar da 'yarsa, sai ambaliya ta zo ta cinye shinkafar. Daga baya na gano ashe rance ne na shirin Anchor Borrowers. Yanzu shugaban ƙungiyarsu ta manoma yana aiko mini cewa sunana yana cikin waɗanda ba su biya ba, ni kuma ina tsoron a taɓa albashina. Da na yi wa Yaya magana sai ya ce kuɗin gwamnati ne, kowa ya ci, ba wanda ya biya. Ana cikin haka ya dawo yana neman lambar NIN ɗina da layin wayata, wai zai yi mini rajistar tallafin noman alkama na rani. Mahaifiyarmu ta ce in ba shi kada a ji kanmu a waje, matata ta ce kada in kuskura, 'yan'uwana mata kuma sun fara ƙorafin ana cin moriyar gonar ubansu ba tare da su ba. Ina ganin girman Yaya, domin shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, har kuɗin karatuna na NCE shi ya biya. Ina mafita?

Wani malami, daga Jigawa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ƙara wa mahaifiyarku lafiya. Yadda ka rufe wasiƙarka da ambaton alherin Yayanka ya nuna mini cewa ba faɗa kake nema ba, so kake ka fita daga wannan rigima ba tare da ka rasa ɗan'uwa ba, kuma hakan mai yiwuwa ne. Sai dai zan fara da abin da ba zai yi maka daɗin ji ba: a wajen banki, wanda ya sa hannu shi ne ya ci bashin. Banki bai san Yaya ba, bai san auren 'yarsa ba, bai san wanda ya sauke buhunan daga mota ba. Sunanka da lambarka da hotonka ya sani, saboda haka duk shawarar da za ka yanke, daga nan za ta tashi.

Ya kamata ka san ainihin abin da aka shigar da kai. Shirin Anchor Borrowers na Babban Bankin Najeriya ne, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shi a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015. An tsara shi ne don ƙananan manoma su haɗu rukuni-rukuni, a ba su iri da taki da magani da ɗan kuɗin ƙwadago a matsayin rance ta hannun bankuna, idan kaka ta yi su kai amfanin gona wajen kamfanin da aka haɗa su da shi, a cire bashin daga kuɗin, abin da ya rage ya zama nasu. Kuɗin ruwan bai wuce kashi 9 cikin 100 ba, aka sassauta shi zuwa kashi 5 a watan Maris na 2020 saboda annobar korona. Sauƙin da gwamnati ta yi a nan shi ne na kuɗin ruwa da rashin neman jingina mai nauyi, amma uwar kuɗin bashi ce tun ranar farko. Abin da ya rikita mutane da yawa shi ne an saba da wani tsari dabam. A shirin GES na 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, saƙo ne yake shigo wa manomi a waya, ya je ya biya rabin kuɗin buhu biyu na taki, gwamnati ta biya rabi, magana ta ƙare a nan, ba wanda zai biyo shi. Haka ma takin da aka riƙa sayarwa naira 5,500 bayan yarjejeniyar da aka ƙulla da Maroko a ƙarshen 2016, ciniki ne na rangwame, ka biya ka ɗauka. Wanda ya saba da waɗannan, idan aka sauke masa taki ba a karɓi ko kwabo a hannunsa ba, abu ne mai sauƙi ya ɗauka rabon arziki ne, balle idan masu rabon ba su tsaya yin bayani ba, kuma ga 'yan siyasa suna ta kiran abin tallafi a lasifika.

Na kawo wannan ne don ka yi wa Yaya adalci, ba don in wanke shi ba. Maganarsa ta cewa ba wanda ya biya tana da ɗan tushe, amma ba gaskiya ba ce gaba ɗaya. A farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin 100 kawai aka mayar, Babban Banki ya musanta ya ce an mayar da kimanin kashi 52 na naira biliyan 960 da lokacin biyansu ya yi, daga cikin fiye da naira tiriliyan ɗaya da aka fitar. Ko wanne ka ɗauka, akwai dubban manoma da suka biya, kuma rashin biyan sauran yana cikin dalilan da suka sa, bayan Olayemi Cardoso ya karɓi ragamar bankin a 2023, aka ce Babban Banki zai janye hannunsa daga irin wannan ba da rance kai tsaye. Dakatar da sabon rabo kuwa ba ya nufin an yafe tsohon bashi. Kada ka gina rayuwarka a kan jita-jitar yafiya matuƙar ba ka ga takarda da sunanka a kai ba.

Kafin ka sake buɗe baki da kowa a gida, ka je bankin da ka sa hannu, da katin shaidarka, ka nemi a buga maka bayanin asusun rancen: nawa aka rubuta maka, wane kaya aka ce an ba ka, nawa ne ruwan da ya hau, ko an taɓa biyan wani abu, kuma nawa ya rage yau. Ka nemi kwafin takardun da ka sa wa hannu. A cikinsu ka duba ko akwai izinin da ake kira GSI, tsarin da Babban Banki ya fara aiki da shi ranar 1 ga Agustan 2020, wanda yake ba banki damar ɗebo kuɗi daga sauran asusun da ke haɗe da BVN ɗin mai bashi idan ya gaza biya, muddin ya sa hannu a kan wannan izinin. Amsar tsoronka game da albashi tana cikin wannan takardar, ba a bakin shugaban ƙungiya ba. Dokar bayanan bashi ta 2017 kuma ta ba ka damar karɓar rahoton bashinka kyauta sau ɗaya a shekara daga kamfanonin da ke ajiye irin wannan bayani, ta nan za ka ga ko sunanka ya shiga jerin masu taurin bashi, abin da zai iya tare maka hanya ranar da za ka nemi rancen gina gida ko na babur.

Akwai tambaya guda da nake so ka dage a kanta, ita ce ta inshora. Tsarin shirin ya tanadi a yi wa gonakin inshora, kuma kuɗinta yana cikin abin da aka ɗora wa manomi a lissafin rancen. Ambaliyar 2020 ba ɓoyayyen abu ba ce, ta shafe gonakin shinkafa a Kebbi da Jigawa har duniya ta ji. To, ƙungiyar ta kai rahoton asarar fadamarku a kan lokaci? Jami'an inshora sun zo sun duba? An biya diyya? Idan an biya, a wane asusu ta shiga? Mai yiwuwa lokacin shigar da sabon ƙorafi ya wuce, amma idan har an biya wani abu da sunanka kuma ba a rage shi daga bashinka ba, wannan haƙƙinka ne ka bi. Ka rubuta wa bankin takarda, ka sa a buga maka hatimin karɓa a kwafinka, idan mako biyu suka wuce ba amsa mai gamsarwa kana da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Ka kuma kiyaye wannan: kada ka miƙa wa shugaban ƙungiya ko wani wakili tsabar kuɗi ko buhun shinkafa ba tare da rasit mai ɗauke da sunanka da lambar asusun rancen ba. Ba zarginsa nake yi ba, mai yiwuwa shi ma matsa masa ake yi daga sama tunda 'yan rukuni kan tsaya wa juna, amma biyan da ba shi da shaida daidai yake da rashin biya.

Idan ka dawo da takardar nan a hannu, sai ka zauna da Yaya, ku biyu, ba a tsakar gida ba kuma ba a gaban matansa ko 'ya'yansa ba. Mutumin da ya ɗauki nauyin gida tun rasuwar uba, yana noma yana auna wa kowa hatsi, ya saba ganin gona da abin da ya shafe ta a matsayin hurumin da shi ke da iko a kai, kuma a zuciyarsa bai ga ya cuce ka ba, gani yake da sunan gida ya karɓa, a hidimar gida ya kashe. Idan ka shiga masa da kalmar zamba ko cin amana, daga nan kunnensa ya toshe. Ka fara da abin da ka faɗa mini, cewa ba ka manta da karatunka ba. Sannan ka ajiye takardar a gabansa ka ce, Yaya, ga abin da aka rubuta a kaina, da albashin nan nake ciyar da iyalina, ina so mu san yadda za mu sauke shi tare. Kai ma ka yarda da naka kason a gabansa, domin ka san ba kai kake noman ba, amma ka yarda aka rubuta ka a matsayin manomi don kason gida ya ƙaru, ka kuma sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, kai da kake koya wa yara karatu. Faɗar hakan da bakinka zai sauƙaƙa masa karɓar nasa.

A ganina bashin nan kashi biyu ne, kuma raba shi biyu shi ne zai kawo sulhu. Takin da iri da maganin da suka shiga fadama an zuba su ne a gonar gandu, da shinkafar ta yi kowa zai ci, saboda haka adalci ne a biya wannan kason daga amfanin gonar gandun, a ware wasu buhunan shanshera kowace kaka har a gama, amma da sanin sauran magada da yardarsu. Wanda aka sayar aka yi hidimar biki kuwa, wannan na wuyan Yaya ne shi kaɗai, ko da zai biya kaɗan-kaɗan. Ku rubuta wannan a takarda, da adadi da lokacin biya, shaidu biyu su sa hannu, misali kawunku da limamin unguwa. Idan ya ce rubutu tsakanin wa da ƙani rashin yarda ne, ka tuna masa cikin ladabi cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce ga muminai su rubuta bashi su kafa shaidu. Wannan takarda ba za ta cire sunanka daga littafin banki ba, amma za ta kare ka a cikin dangi, ta kare 'ya'yanka idan ta Allah ta kasance a kan ɗayanku. Da ita a hannu kuma za ka iya komawa banki ka nemi a tsara maka biya a hankali, har ka roƙi sassauci a kan ruwan da ya taru, tunda wanda ya kawo kansa ya fi samun sauraro a kan wanda aka nemo.

Maganar cewa kuɗin gwamnati ba shi da mai shi, ka bar malamin da Yaya yake jin maganarsa ya warware masa ita, ba kai ba. Dukiyar jama'a amana ce, kuma hadisin da ya ce ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa bai ware bashin hukuma ba. Daga bakin ƙani wannan zai zama gori, daga bakin malami kuwa nasiha ce.

Sai batun alkama. Shirin da ake magana a kai, idan wanda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a nan Jigawa a watan Nuwamban 2023 ne da kuɗin Bankin Raya Afirka, ya bambanta da na farko: rangwame ne na rabin kuɗin iri da taki, manomi ya biya nasa kason ya ɗauki kayansa a cibiyar rabo. Wato ba irin tarkon baya ba ne, kuma Yaya zai iya cewa ai wannan karon ba bashi. Duk da haka amsata ita ce kada ka ba da NIN ɗinka, kada ka ba da layin wayarka. Layin da ke haɗe da NIN da BVN ɗinka shi ne mabuɗin asusunka, ta nan lambobin sirri na banki suke shigowa, wanda ya riƙe shi zai iya karɓar ko da rancen waya ne da sunanka ba tare da ka sani ba, ko da ba shi ba, yaron da ya aika da wayar. Bayan haka, rubuta mutum biyu ko uku a kan gona ɗaya don a ninka kaso bayanin ƙarya ne ga hukuma, kuma kowane buhu da aka karɓa ta wannan hanya an tauye shi ne daga wani manomin da bai da ƙanin da zai ara wa suna. Shirye-shiryen nan sukan canza sharuɗɗa daga shekara zuwa shekara, jihohi ma kan ɗora nasu a kai, saboda haka ka samu malamin gona na ƙaramar hukumarku ka ji sharuɗɗan bana daga bakinsa.

Ƙin bayarwa ba shi ne kaɗai zaɓinka ba. Idan kana da sha'awar noma, ga hanya mai tsabta: a yanka maka gayauna a cikin fadamar, da yardar sauran magada, ka yi rajista da kanka a kan wannan yanki, wayarka tana aljihunka, ka biya kasonka da kuɗinka, ka je ka ɗauko kayan da hannunka. Idan aikin makaranta ba zai bar ka ka tsaya a gona ba, ku yi yarjejeniya da Yaya ko ɗansa su kula da ban ruwa da feshi, a raba amfanin bisa kason da kuka amince tun kafin shuka, kai kuma ka sa naka rabon a biyan tsohon bashi. Ta haka taki ya shiga gonar gida kamar yadda Yaya yake so, kai kuma ka zama manomin gaske ba na takarda ba. Idan kuwa ba ka da kuɗin ko lokacin, ka ce masa ya yi rajista da sunansa a kan abin da yake nomawa, kai sai bashin farko ya sauka.

Ƙorafin 'yan'uwanka mata shi ne abin da na fi so ka ɗauka da muhimmanci, domin shi ne tushen da sauran matsalolin suka tsiro a kai. Muddin gonar ba ta da takamaiman mai ita, duk wani tallafi ko rance da zai zo zai bi ta hannun wanda yake riƙe da fartanya, asarar kuma ta faɗa kan wanda aka ari sunansa. Mahaifiyarku tana da tumuninta, wato ɗaya bisa takwas, sauran kuma namiji yana da rabon mata biyu, kuma wannan haƙƙi bai jira sai an ga dama ba. Raba gado ba dole ne ya zama yayyanka fadama ƙanana-ƙanana ba. Ana iya kiran malami masanin gado ko a je kotun shari'a a fitar da kason kowa a rubuce, sannan magada su amince a ci gaba da noma ta a haɗe, Yaya ya zama mai kula, a yanka masa ladan wahalarsa a fili, sauran amfanin a raba bisa kaso, wadda take so ta ba shi hayar nata ta ba shi. Shi kansa wannan ya fi masa, domin shekarun da ya yi yana wahala ba tare da an san nasa ba za su samu lissafi. Amma kada ka haɗa wannan magana da ta bashi a zama ɗaya, kada ya ga kamar an haɗa masa kai ne. Ka bari a gama ta farko, bayan girbi kawunku ya tayar da ta biyu.

Mahaifiyarku kuwa, abin da take tsoro shi ne a ji kanku a waje, kuma tsoronta yana kan hanya. Ka same ta ita kaɗai ka nuna mata cewa abin da zai fitar da sirrin gidan shi ne ranar da aka aiko neman ka a makaranta ko aka karanta sunanka a gaban dagaci, zaman da kake nema da Yaya kuwa a cikin ɗaki za a yi shi. Ka roƙe ta, ita da yake jin nauyinta, ta ce masa ya zauna da kai. Matarka ta faɗi gaskiya, ka gode mata, amma ka roƙe ta ta bar maganar a bakinka, kada ta zama ta matan gida.

Idan duk ka bi waɗannan matakai Yaya ya ƙi zama, ya ƙi rubutu, to ka kai maganar ga kawunku, in ta gagara ga mai unguwa ko dagaci a matsayin neman sulhu, ka riƙe kotu a matsayin matakin ƙarshe. A halin da ake ciki kada ka bar ruwa yana ta hawa kana jiran ya sauko. Ka daidaita da banki a kan abin da albashinka zai iya ɗauka kowane wata, ka adana kowane rasit, ka sanar da shaidun nan biyu duk abin da ka biya, domin ranar da za a zauna rabon gado a san cewa akwai kuɗinka a kan fadamar da kuma a kan Yaya. Allah ya sassauta, ya daidaita tsakaninku.